Tarakta Mai Cafka: Aikin Sassabe a Wani Ƙauyen Okalahoma

A ƙauyukan tsakiyar jihar Okalahoma ta Amurka, ƙaramar tarakta ta zama kayan gida. Filayen da aka yanka eka 160-160 lokacin da aka buɗe yankin ga baƙi a 1889 sun rarrabu ta hanyar gado da ciniki, har da yawansu yau ba su wuce eka goma zuwa arba'in ba. Masu su galibi ba da noma suke ci ba. Akwai ma'aikacin da ke sammako zuwa birni, akwai ɗan fansho, akwai mai shanu biyar da doki guda. Abin da ya haɗa su shi ne tarakta mai ƙarfin doki 25 ko ƙasa da haka, ƙirar Kubota ta Japan, ko John Deere, ko Mahindra ta Indiya, ko Kioti ta Koriya ta Kudu. Yawan masu wannan girman ba haka kawai ba ne: dokar hayaƙi ta Amurka ta fi tsananta wa injin dizal da ya haura hakan, farashinsa kuma ya fi.

Babban aikin waɗannan taraktoci ba huɗa ba ne, sassabe ne. Abokin gabar shi ne wani itace mai ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina, ana ce masa jan sida. Ɗan ƙasa ne, amma a da gobarar daji ta tsare shi a bakin kwazazzabai da wuraren duwatsu. Da mutane suka zauna suka hana wuta, sai ya sami sake. Saboda guguwar ƙurar shekarun 1930, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sa aka dasa itatuwa fiye da miliyan 200 don kare iska tsakanin 1935 da 1942, shi ma yana cikinsu. Tsuntsaye na cin 'ya'yansa suna kasayar da irin a bin shinge, ya tsiro, ya yi inuwar da ciyawa ba ta rayuwa a ƙarƙashinta. Sauƙinsa ɗaya: in an sare shi ƙasa da reshen farko, ba ya sake tohowa. Sai dai sara ba shi ne wahalar ba. Kwasa ita ce. A kan wannan kuma ga ɓarnar ruwan da ke daskarewa a kan rassa har su karye, irin wadda aka gani a Disambar 2007 da Oktobar 2020, lokacin da kowane gida ya wayi gari da tulin rassa a ƙofarsa.

Yawancin taraktocin suna zuwa da hannuwa biyu a gaba da bokitin ɗibar ƙasa. Bokitin ya iya yashi da taki, amma reshe ba ya zama a cikinsa. A ɗauki uku, biyu su zube kafin a kai. Maganin shi ne macafka, wani ƙarfe da ake maye gurbin bokitin da shi. Ƙasansa haƙora ne jere kamar na manjagara, da tazara a tsakaninsu don ƙasa ta zube, samansa kuma muƙamuƙi ne da ke saukowa ya danne kayan, tamkar awartakin maƙeri. Cire bokiti a sa macafka bai fi minti biyu ba a taraktar da ke da maƙalin nan na zamani, wanda aka kwaikwayo daga injinan kamfanin Bobcat.

A irin wannan ƙauye ba a rasa gareji guda na mai walda, wanda shi ne kuma bakaniken taraktocin yankin. Can ake zuwa neman shawarar sayen macafka, kuma tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta nauyi ce. Hannuwan mafi ƙanƙantar waɗannan taraktoci ba sa ɗaga abin da ya wuce kilo 350 sosai. Duk kilon da macafka ta ci, an rage shi ne daga kayan da za a ɗauka. Wanda ya sayo mai kilo 250 saboda ta fi kauri da kyan gani, to ya sayi ado, domin tarakta za ta ƙare ƙarfinta wajen ɗaukar ƙarfe. Shi ya sa aka fi son mara nauyi, mai faɗin ƙafa huɗu, da silinda guda. A nan arha da dacewa sun zo ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa a harkar inji ba. Mai ƙaramin ƙarfi ma ba ya sayen macafka sukutum. Muƙamuƙin sama kaɗai yake saye, ko mai walda ya ƙera masa, a ɗaure shi da noti a leɓen bokitin da yake da shi. Yana aiki, ko da yake bokitin na kwaso ƙasa tare da rassan, kuma yana tare wa direba gani.

Ƙarfen dai shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne yadda za a kai wa muƙamuƙin ƙarfin buɗewa da rufewa. Ƙarfin na mai ne, irin wanda ke ɗaga bayan tifa. Famfon tarakta yana tura man haidirolik cikin tiyo da matsin da ke kai wa fam 2,000 zuwa 2,500 a kan kowane inci murabba'i. In wannan matsi ya shiga silinda mai faɗin inci biyu, yana iya tura nauyin da ya haura tan uku. Matsalar ita ce sandar da direba ke sarrafa hannuwan gaba da ita aiki biyu kawai ta sani: ɗagawa da saukewa, sai kifawa da tallabewa. Cafka aiki ne na uku, ba a yi masa hanya ba.

Hanyoyin da ake bi sun bambanta gwargwadon aljihu. In tarakta na da mahaɗar mai a bayanta, wadda aka tanada don kayan noma, sai a jawo dogayen tiyo biyu daga can zuwa gaba. Wannan ita ce mafi arha, amma direba zai riƙa sakin sanda yana miƙa hannu ga wani liba a gefen kujera, kuma a yinin aiki ana yin hakan sau ɗaruruwa. Hanya ta biyu bawul ne mai karkatar da mai: in an danna maɓalli, man da ke zuwa wajen kifa bokiti sai ya juya zuwa muƙamuƙi. Kuɗinsa da dama-dama, haɗa shi ba wuya, illarsa kawai ba a iya kifawa da cafka a lokaci guda. Mai yalwa yakan sa bawul na uku mai zaman kansa, mai aiki da wutar batir, da maɓallai biyu a kan sandar. Shi ya fi daɗin aiki, sai dai kuɗinsa kan kusanci na macafkar kanta. Ga mai share eka goma a ranakun Asabar, bawul mai karkatarwa ya wadatar. Akwai kuma macafka mai aiki da lantarki zalla, ba ruwanta da mai, amma tana da nawa.

Ranar haɗawa yini guda ce in kayan sun cika, kuma da wuya su cika. Bakin tiyo iri-iri ne, zaren wannan ba ya shiga na wancan, sai an yi sawu biyu ko uku zuwa shagon kayan gona. Ana barin tiyo da ɗan saki a inda hannuwa ke lanƙwasa, a ɗaure shi nesa da inda zai gogu. A mafi yawan ƙananan taraktoci mai yana zagayawa ne ba tsayawa, saboda haka in aka toshe masa hanya wajen saka sabon bawul, famfo ne zai biya bashin. Wani abin da kan ba baƙo haushi shi ne macafkar da aka ajiye a rana: man da ke cikin tiyo ya yi zafi ya kumbura, mahaɗar ta ƙi shiga ko da an haɗa da ƙarfin tsiya, sai an sassauta an rage matsin.

Haɗarin ma sananne ne. Ba a neman yoyon tiyo da hannu, da kwali ake nema, domin tsirin mai daga huda kamar ta allura yana ratsa fata, kuma aikin tiyata ne na gaggawa. Kaya a gaba na sa bayan tarakta ya yi sakayau, don haka ake rataya nauyi a baya ko a ɗura ruwa mai nauyi a tayoyin. Ana tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, musamman a gangare, ƙarfen kariyar kifewa a tsaye, direba da bel. Tsinken reshe kuwa ya sha huda lagireto, shi ya sa mai walda ke ƙara raga a hancin tarakta tun kafin ta bar garejin.

Tarakta mai cafka ba ta zama ta mai ita shi kaɗai. Bayan iska ko ƙanƙara, ita ke janye itacen da ya tare hanyar gidan tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, a biya da man dizal ko da kwanon abinci. Rassan da aka tara akan bar su su bushe a tsakiyar fili, nesa da shinge da wayar wuta. Jan sida mai maiƙo ne, yana kamawa kamar an zuba masa kananzir, saboda haka ba a cinna wa tulin wuta sai ranar da iska ta kwanta, bayan an sanar da 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauyen. In fari ya yi tsanani, hukumar gunduma kan hana ƙona komai a fili, tulin ya zauna har sai an ɗage dokar.