Murya daga Jidda, lamba ta Najeriya

A Danchuwa, kamar ko'ina a ƙasar Potiskum, mutum kan leƙa fuskar wayarsa kafin ya ɗaga kira. In ya ga +966 ya san daga Saudiyya ne, +227 Nijar, +235 kuwa Chadi. Amma akwai ranar da lamba kan fito da 080 tamkar ta maƙwabci, a ɗaga, sai a ji muryar ɗan'uwa daga Jidda. Bayan an gama, a bi lambar don a sake gaisawa, ba mai ɗauka.

Lambar da ke bayyana ba manne take da muryar mai kira ba. Kafin waya ta yi ƙara, akwai ɗan saƙo da ke yin gaba ɗauke da lambar mai kira da ta wanda ake nema. Saƙon nan yana ratsa na'urori iri-iri, mafi muhimmanci a cikinsu ita ce na'urar mashiga, wadda ke zaune tsakanin layi da layi, ko tsakanin intanet da layin salula, tana aikin tafinta. Injiniya ne ke gindaya mata ƙa'ida: in lamba ta zo da sifili a farko, a cire shi a sa 234; in ta zo a ɓoye, a nuna cewa ɓoyayya ce. Tsarin ƙasa da ƙasa mai suna E.164 ya ce lamba ba za ta wuce alƙaluma 15 ba. A wayar tangaraho ma kowace ƙasa da al'adarta: a Amurka ana aiko lambar tsakanin ƙarar farko da ta biyu, kamfanin BT na Ingila kuwa kafin ƙarar farko yake aikowa. Na'urar da aka saita da tsarin Amurka, in aka jona ta a Ingila, kira zai shigo amma fuskar ta zauna fayau.

Wannan kuskuren saiti ne. Na Jidda kuwa da gangan ne, kuma kuɗi ne sanadi.

A watan Oktoba na 2016, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sa kuɗin shigo da kiran ƙasashen waje ya zama naira 24.40 a minti, alhali na cikin gida yana naira 3.90. Ratar sama da naira 20 a kowane minti ta buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Sai su tanadi akwati cike da layukan SIM, su karɓi kiran waje ta intanet, akwatin ya sake buga shi da ɗaya daga cikin layukan, ya iso Danchuwa da rigar kiran gida. Wasu ma ba sa buƙatar akwati. A mashigar kanta suke goge lambar asali su rubuta wata. A farkon 2018, lokacin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta, hukumar ta toshe lambobi kimanin 750,000 da aka samu a wannan harka, ta kuma hukunta wasu kamfanonin haɗa layuka.

An fi yawan maganar asarar kamfanoni da harajin gwamnati, amma asarar mai karɓar kira ta fi kusa da zuciya. Uwa ba za ta iya mayar wa ɗanta kira ba. Murya takan riƙa yankewa. Dillalin da ke cinikin shanu ta waya da baƙi a kasuwar Potiskum bai san ainihin inda abokin cinikinsa yake ba. A jihar da Potiskum take, inda aka rufe layukan salula a watan Mayun 2013 saboda matsalar tsaro, sanin daga ina kira ya fito ba ƙaramin abu ba ne.

Ko lambar gaskiya ma yanzu ba ta faɗin komai kamar da. Tun Afrilun 2013 mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa, don haka 0803 ba lallai MTN ba ce, 0805 ba lallai Glo ba ce. Dole na'urar mashiga ta tambayi rumbun bayanai na ƙasa inda lambar take zaune a yau, kafin ta miƙa kiran.