Raƙuman dawa na Kure: yawansu ya ƙaru, dajinsu yana raguwa

A farkon ƙarni na 20, raƙumin dawa yana yawo daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta, fari da saran daji suka bi shi ƙasa bayan ƙasa, har ya zamana irin na Afirka ta Yamma bai saura ko'ina ba sai a Nijar, a yankin Kure, wajen kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Ƙidayar 1996 ta samu 49 kacal. A 2017 an ƙidaya sama da 600.

Yaya ake ƙidayar dabbar da ba ta da garke balle makiyayi? Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa, wanda ba ya kama da na ɗan'uwansa, kuma ba ya sakewa har mutuwa. Da damina, lokacin da suke taruwa kan fako, ma'aikatan gandun daji da 'yan rakiyar baƙi na Kure suna bin su, suna ɗaukar hoton kowane ɗaya, dama da hagu, a gwada da kundin bara. Ta haka ake sanin wadda ta haihu, da wanda ya ɓace, da wanda ya ƙaura. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata 15, ta haifi ɗa guda, saboda haka asarar mace ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Amma fa yankin Kure ba keɓaɓɓen daji ba ne. Raƙuman suna zaune tsakiyar gonaki da ƙauyuka. Da damina suna cin ganyen itatuwan fako, da rani su gangara Dallol Boso neman gawo, wanda shi ke ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Wannan fakon kuwa shi ne ake sara ana loda wa motoci itacen girkin Yamai, shi ne kuma ake sharewa don sababbin gonaki. In abinci ya ƙaranta a daji, sai dabbar ta faɗa wa waken talaka da mangwaronsa. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe ta, amma doka ba ta cika rumbu. Shi ya sa ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, ASGN, ta riƙa gina rijiyoyi da ba mata ƙananan basussuka, don manomi ya ga amfanin haƙurinsa.

Wata ribar kuma ita ce kuɗin masu yawon buɗe ido. Ranar 9 ga Agusta 2020, 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a Kure. Baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan rakiya suka rasa abin yi, ga su kuwa su ne idon da ke kan dabbobin kullum.

Tun kafin wannan, masana sun lura cewa tara irin duka wuri guda ganganci ne: annoba ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya share aikin shekaru. A Nuwamba 2018 aka ɗauki 8 cikin mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi. A 2022 aka ƙara 4. Wannan gandu, mai faɗin eka 76.000 ta ma'aunin hekta, an kafa shi a 1955, kuma raƙuman dawa sun yi kusan shekara 50 da ɓacewa daga cikinsa. Yanzu amanar ta shigo hannun makiyaya da sarakunan wannan yanki.

Masu karatu, ƙidaya tana faɗin yawan dabba, ba ta shuka gawo. Ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar saran itace, da ɗan kasuwar da ke aika mota daji, da magajin garin da ke raba fili, kowanensu yana da hannu cikin adadin da za a samu baɗi. Ya kamata a tsayar da iyakar fakon da ba a sara, a kuma dubi manomin da aka yi wa ɓarna da idon rahama. Rigakafi ya fi magani: abin da aka ceto daga 49, in ya sake faɗuwa, babu wata ƙasa da za a je a aro iri.