Albaras a Jikin Yaro: Magungunan da Likita Ke Bi

Da farin tabo ya ɓullo a fatar yaro, abin da ke fara faɗo wa uwa a rai shi ne kuturta, ko sammu. Albaras daban yake. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Tabon kuturta yakan daina jin taɓi, na albaras kuwa yana ji sarai, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a shimfiɗa ɗaya. Kimanin mutum 1 cikin 100 ke da shi a duniya, kusan rabinsu tun kafin su kai shekara 20.

Likitan fata yakan fara da man shafawa. Ga gangar jiki, hannu da ƙafa, akwai mai sinadarin sitiroyid, ana shafawa ana hutawa, domin idan aka zarce yana sirantar da fata. Fuska da wuya da fatar ido kuwa, tacrolimus ya fi dacewa, don ba ya yin wannan ɓarnar. Nan ne iyaye da yawa ke kuskure: a je kemis a sayo man sitiroyid da 'yan bilicin ke amfani da shi, a yi ta lafta wa yaro wata da watanni. A ganina wannan ya fi barin tabon haɗari.

Idan tabon ya yawaita, ana haska fatar da wani haske na musamman mai suna UVB, sau biyu ko uku a mako. A 2022 Amurka ta amince da man ruxolitinib ga 'yan shekara 12 zuwa sama, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje.

Duk maganin da aka ɗauka, sai an yi haƙuri. Launin yakan dawo ne ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, bayan wata uku zuwa shida. Shi ya sa fuska ke saurin amsawa, leɓe da kan yatsu, inda babu gashi, suke taurin kai. Sabon tabo ma ya fi tsoho jin magani.

A riƙa kare wurin daga zafin rana da hula ko doguwar riga, don yana saurin ƙonewa. A kuma tambayi likita ko akwai buƙatar gwajin jini na maƙoƙo, domin cutukan biyu sukan zo tare.