Sylvester Okpe: Saurayin Da Ya Kai Nijeriya Gasar Kurket Ta Duniya

A watan Maris na 2019, a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka lashe dukan wasanninsu na kurket, suka sami shiga gasar duniya karo na farko. Kyaftin ɗinsu kuwa shi ne Sylvester Okpe.

Okpe ya iya jifa, ya kuma iya duka. In ya jefa ƙwallo, murza ta yake yi da yatsu, ta faɗi ƙasa ta sake hanya, ta ruɗe mai riƙe da sanda. A gasar da aka yi a Afirka ta Kudu a 2020 sun sha kashi a hannun Ostareliya da Ingila, amma suka ka da Japan. Daga bisani aka ba shi shugabancin babbar ƙungiyar ƙasa.

Kurket dai ba baƙo ba ne a Arewa, don Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi a Kwalejin Katsina. Makarantun Talata Mafara, Bakura da Maradun suna da fili, suna da samari. In hukumomin ilmi suka ba su malami da kayan wasa, me zai hana a sami wani Okpe daga Zamfara?