Auna Abin da Yara Suka Koya a Firamare: Bayani ga Jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan

Shekaru da dama, idan aka tambaye mu halin da ilimi yake ciki a ƙaramar hukuma, abin da muke gabatarwa shi ne yawan yaran da aka sa a makaranta, da azuzuwan da aka gina, da kujerun da aka raba. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara tana ba da waɗannan alƙaluma, kuma suna da amfaninsu. Sai dai ba sa nuna ko yaron da ya shekara huɗu yana zuwa firamare a Hunkuyi zai iya karanta wa mahaifinsa wasiƙa, ko ya lissafa kuɗin buhun masara uku.

Dalilin da ya sa ake auna koyo kai tsaye ke nan. A ƙarƙashin shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa a jihohi shida har da Kaduna, an gudanar da irin wannan awo a 2012 da 2014 da 2016. Akan zaɓi wasu makarantu, a ɗebi 'yan aji biyu da 'yan aji huɗu, a gwada su a karatu da lissafi. Ba jarrabawar wucewa aji ba ce, ba a kuma korar yaro saboda ita. Makarantar ake aunawa, da yadda ake koyarwa a cikinta.

A 2017 gwamnatin jiha ta gwada malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, inda 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. Sallamar da ta biyo baya ta jawo yajin aikin ƙungiyar malamai ta NUT a Janairun 2018. Gidaje da yawa sun ji a jikinsu, ba ma musun haka. Amma gwajin malami daban, gwajin ɗalibi daban, kuma ɗaukar sababbin malamai bai ɗauke mana nauyin komawa aji mu saurari karatun yara ba.

Saboda haka muna kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu su riƙa ajiye sakamakon kowane zango, su kwatanta shi da rajistar halarta. Inda karatu ya ja baya a lokacin yankan rake a Makarfi da Kudan, ko tsinkar tumatir a Ikara, to maganar ta iyaye ce da masu unguwa. Inda yara ke zuwa kullum amma ba su iya haɗa baƙi ba, a sanar da hukumar SUBEB domin a horar da malamin. Kwamitin SBMC na kowace makaranta ya nemi ganin wannan sakamako a zamansa.