Daga Gida Zuwa Kanti: Canjin Amfani da Filaye a Kano da Rashin Wurin Kai Kuka

Duk wanda ya san Titin Gidan Zoo ko unguwar Nassarawa shekaru talatin da suka wuce, ya san yadda gidajen zama suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Da fari a fasa katanga a fitar da shaguna uku. Bayan 'yan shekaru a rushe gidan gaba ɗaya a tayar da bene mai hawa biyu: ƙasa kantuna, sama ofisoshi. A wani layin gidan mai ne zai fito, a wani makarantar kuɗi ko gidan biki. A takarda filin na zama ne, a ƙasa kuwa ya zama kasuwa.

Dalili na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma birnin ya ci gaba da cika tun daga lokacin. Tsarin raya Kano da aka zana a farkon shekarun 1960 na shekara ashirin ne, daga 1963 zuwa 1983, kuma tuni gari ya wuce da saninsa. Kasuwannin Kwari, Sabon Gari da Singa sun cika, sai ciniki ya malalo cikin unguwanni.

Na biyu lissafin kuɗi ne. Hayar shaguna goma a bakin titi ta fi hayar gida guda nesa ba kusa ba. Idan mai gida ya rasu, magada suka yi yawa, sayarwa ce mafita mafi sauƙi, kuma wanda zai iya biyan kuɗin babban fili a tsakiyar gari yawanci ɗan kasuwa ne, ba mai neman wurin kwana ba. Ita ma gwamnati tana da riba, domin canjin amfani da fili yana kawo kuɗin shiga.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne yadda doka ta tara iko a hannu guda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar mallaka a birni, sai da yardarsa ake sayarwa ko jinginarwa, kuma yana iya ƙwace fili saboda maslahar jama'a. A 1992 gwamnatin soja ta kawo dokar tsara birane wadda ta tanadi kotu ta musamman don sauraron ƙorafi kan izinin gini. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Daga nan kowace jiha ta koma ga abin da ta ga dama.

A Kano, mai son canza gidansa zuwa wurin kasuwanci ya san inda zai je: ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Maƙwabcinsa fa? Sau da yawa ba ya jin labari sai ranar da tifa ta juye yashi a ƙofar gida. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce ba shi ya ba da izini ba. Ya rubuta takardar koke, ta shiga fayil. Abin da ya rage masa shi ne babbar kotu, da kuɗin lauya da ɗage zama, kafin a yanke hukunci an riga an zuba dakin, an sa rufi. Shi ma wanda aka hana izini ba bisa ƙa'ida ba, hanyar da ya fi sani ita ce ya nemi wanda ya san wani.

Illar farko maƙwabta ke ɗanɗana ta. Tagogin bene suna leƙa tsakar gida, matan gida su rasa sakewa. Janareta na ruri har dare. Motocin masu sayayya su toshe layi, mai gida ya rasa inda zai shigar da tasa. Daga ƙarshe shi ma ya sayar ya koma bayan gari, ya sayi filin awon igiya inda babu kwata babu titi, matsalar ta sake haihuwa a can.

Illa ta biyu ta gari ce baki ɗaya. An cike kududdufai da dama waɗanda ke shanye ruwan sama, an yi gini a kan magudanai da jikin badala. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka masu yawa, kuma da yawa sun ɗora laifin a kan shagunan da aka gina a hanyar ruwa.

Illa ta uku ita ce takarda ta rasa daraja. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje an yanka filaye a wurare irin su Filin Idi da Otal ɗin Daula, aka yi gine-ginen kasuwanci. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma cikin 'yan kwanaki katafila ta fara aiki a kansu. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta ba da umarnin a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko mutum yana ganin laifin wanda ya yanka ne ko na wanda ya rushe, asarar ta faɗa kan aljihun ɗan kasuwa da baitulmalin jama'a. Da a ce an saurari masu adawa kafin a sa bulo na farko, da ba a kai ga haka ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Kano garin fatauci ce, kuma dubban matasa suna cin abinci a waɗannan shaguna. Tela ko mai kemis a cikin unguwa sauƙi ne ga jama'a. Hana canji kwata-kwata ba zai yiwu ba, kuma duk inda aka tsananta, cin hanci ne ke ƙaruwa. Haka nan, buɗe ƙofar ƙorafi na iya ba mai hassada damar tsayar da aikin maƙwabcinsa. Maganin wannan shi ne wa'adi: a ƙayyade kwanakin karɓar koke da na yanke hukunci.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tattauna taga mai leƙa gidan wani, hayaƙin tanderu, da hanyar ruwa, kuma ya ba wanda aka cutar damar kai ƙara gaban alƙali. Abin da ake buƙata yau shi ne a mayar da wannan haƙƙi cikin dokar jiha: a kafa allon sanarwa a jikin duk filin da ake neman canza amfaninsa, a sanar da maƙwabta ta hannun mai unguwa, a kafa kwamitin ɗaukaka ƙara mai zaman kansa wanda ba gwamna kaɗai ke naɗa shi ba, a kuma wallafa kowane hukunci da dalilinsa. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin haka tun 2003. Muddin ba ta yi ba, duk mai zuba jari a gini zai ci gaba da auna takardarsa da wa'adin gwamnan da ya sa mata hannu.