Fitilar masana'anta ta shiga falon amare: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

A makon jiya, bayan mun kammala shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, wata Hajiya mai fataucin kayan ɗaki ta tare mu a bakin ƙofa ta nuna mana wani hoto a wayarta. Falo ne mai faɗi, bangonsa jan bulo ba shafe, tiyon ruwa na bin sama a fili, ga baƙaƙen fitilu na ƙarfe suna reto da sarƙa, ampul ɗinsu tsirara. Ta ce wata amarya ce ta turo mata, tana son irinsu a ɗakinta. Sai ta tambaye mu: "Malam, wannan ba fitilar garejin makanikai ba ce? In na zuba jarina a ciki, kaya ba za su yi mini kwantai ba?"

Hajiya ta gane abin da ta gani. Fitilar ma'aikata ce, kuma talauci ne ya fara shigar da ita cikin gida.

Labarin ya samo asali a birnin Niyok na Amurka, a wata unguwa da ake kira SoHo. Tun ƙarni na 19 aka gina manyan benaye masu fuskar ƙarfe a can, inda ake saƙa da ɗinki da ajiyar kaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka riƙa tashi, benayen suka zama kango. Gobara ta yi yawa a unguwar har ƴan kwana-kwana suka laƙaba mata sunan da ke nufin eka ɗari na jahannama. A shekarun 1960 masu zane-zane da sassaƙa, waɗanda ba su iya biyan kuɗin hayar gidajen kirki, suka fara tarewa a waɗannan zauruka marasa ɗakuna da Turawa ke kira loft. Doka ba ta yarda a kwana a ciki ba, sai a 1971 hukumar birnin ta ba masu zanen izini, a 1982 kuma jihar ta yi dokar da ta kare mazauna irin waɗannan gine-gine. Abin da suka tarar a rataye, da shi suka yi amfani, don ba su da kuɗin canzawa. Da masu hali suka fara zuwa sayen zane, sai tsarin ya burge su. Yau SoHo na cikin unguwanni mafi tsada a Niyok, ƴaƴan masu zanen farko da wuya su iya kama haya a can.

Ita kanta fitilar, kowane sashe nata da aikinsa. Murfin mai kama da kwanon sha yana da fari a ciki don ya tattaro haske ya zubo shi kan hannun ma'aikaci. Ragar ƙarfe tana kare ampul kada wani abu ya fasa shi. Sarƙa ko dogon fil na sauko da fitilar ne saboda rufin masana'anta na da tsawo ƙwarai. A Faransa, wani injiniya mai suna Bernard-Albin Gras ya ƙera fitilar bita a 1921 wadda babu noti babu walda a jikinta. A 1950 kuma wani makaniki na birnin Liyon, Jean-Louis Domecq, ya zana fitila mai gaɓoɓi kamar hannun mutum, wadda babu fil a cikin gaɓoɓinta balle ya tsinke in an lanƙwasa ta. Ita ce Jieldé, kuma har yau ana ƙera ta a kusa da Liyon, kowace da lambarta. Ƙarko da sauƙin gyara su suka ba waɗannan fitilu suna.

To amma galibin abin da ɗan kasuwarmu zai tarar a Dubai ko a Guzhen, garin da ya shahara da ƙera fitilu a kudancin ƙasar Sin, kwaikwayo ne. A ciki akwai mai kyau, akwai kuma langa-langa da aka fesa wa baƙin fenti. A nan ne jari ke tsira ko ya nutse.

Abu na farko, a ɗaga fitilar a ji nauyinta, a duba mazaunin ampul. Na tangaran ya fi jure zafi, na roba mai araha yakan ƙone ya farfashe. A duba ko mai murɗawa ne, wanda ake rubuta wa E27, ko mai ƙugiya, wato B22, don kada mai saye ya rasa ampul a garinsu. A kuma karanta kwali: kuran ɗinmu volt 220 ne, ampul ɗin da aka yi don Amurka kuwa na volt 120 ne, da an kunna shi a nan ya mutu.

Na biyu, maganar kuɗin wuta. Tsohon ampul mai zare, irin na Edison, wanda shi ne ke ba fitilar kyan gani, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. Shi ya sa Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012. Yanzu akwai na LED mai siffar zare, wanda wat 4 nasa ke ba da hasken wat 40 na tsohon. Mu yi lissafi: ampul 10 na wat 40, awa 5 kowane dare, kilowat 2 ke nan a kwantar, na LED kuwa kashi ɗaya cikin goma na haka zai ci. A zafin watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, babu mai son ƙarin murhu a saman kansa.

Na uku, launin haske. In an rubuta 2200K ko 2700K, haske ne ruwan ɗorawa mai laushi, ya dace da falo da wurin hira. Amma ƴan uwa mata masu sayar da atamfa da shadda da leshi, ku yi hattara da shi a shago, domin yana canza launin zane. Mai saye ta zaɓi shuɗi da dare, gari ya waye ta ga wani abu dabam, ta dawo da rigima. Ga mai tufafi, 4000K ya fi, kuma a nemi wanda aka rubuta wa Ra 90.

Na huɗu shi ne mafi girma, don ya shafi rai. Jikin fitilar ƙarfe ne, in fil ya goge ya taɓa shi, duk wanda ya kama ta wuta za ta ja shi. Dole ta zo da fil na uku da ake haɗawa da ƙasa, kuma gwani ne zai ɗaura ta, ba yaron maƙwabta ba. A hoto ana ganin kamar wayoyi a fili suke, alhali a cikin bututun ƙarfe suke tafiya. Manya a Yamai ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwa a 1982 ba, don haka ba sai an yi wa ɗan kasuwa dogon bayani kan wuta ba. A kuma tuna cewa ɗakunanmu ba su da tsawon benayen SoHo, ga panka na juyawa a sama. In ba a kan tebur za ta sauko ba, a rage sarƙar.

Shawarar da muka ba Hajiya ita ce ta fara da kaɗan ta ga kasuwa, ta kuma leƙa wajen masu walda da maƙeran kasuwar Katako kafin ta yanki tikitin jirgi. Mutanen da ke mayar da tsohuwar tano tukunya da akwati ba murfin fitila ne zai gagare su ba. In ta kai musu samfuri, ta sayi mazaunin tangaran da fil mai kyau, mai aikin lantarki ya haɗa, riba za ta tsaya a gida, kuma in abu ya lalace akwai wanda za a koma wa.

Ta ce za ta gwada da guda shida. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma tsare mu daga gobara.